Mu Kai Yara Su Ga Jirgin Yaƙi A Inda Ya Yi Shiru

Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, ya ku iyayenmu maza da mata, ga wata magana da nake so mu zauna mu duba tare.

Da wuya a sami yaro a Dutsin-Ma ko Kurfi wanda bai san kukan jirgin yaƙi ba. A shekarun da matsalar 'yan bindiga ta addabi yammacin Jihar Katsina, sau da yawa ana cikin aji, ko ana gona, sai a ji ƙara ta tsaga sama ta nufi wajen Dajin Rugu. Kafin ka ɗaga kai ya wuce. Wasu yaran su ruga ɗaki, wasu su bi shi da tafi da ihu. Dukansu kuwa ba wanda ya san abin da ya wuce ta kansa. Ra'ayina shi ne, hakki ne a kan makaranta da iyaye su kai waɗannan yara inda za su ga jirgin yaƙi a ƙasa, ya yi shiru, su zagaya shi, a yi masu bayanin yadda aka ƙera shi da irin aikin da ya yi. Irin wannan wuri shi ake kira gidan adana kayan tarihi na jirage ko na yaƙi. Ziyartarsa karatu ne, kuma zan kawo dalilaina.

Ina ne ake ajiye su?

A ƙasarmu Nijeriya, wurin da ya fi shahara da tsofaffin jiragen yaƙi shi ne Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, babban birnin Jihar Abiya, can kudu maso gabas. An kafa shi a 1985. Ba a banza aka zaɓi garin ba. Bayan Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a watan Oktoba na 1967, Umuahia ce ta zama hedkwatar Biyafara har zuwa Afrilun 1969. A cikin harabar gidan akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gidan rediyon Biyafara ya riƙa watsa shirye-shiryensa.

Idan ka shiga filin, ɗalibi, za ka tarar da jirgi ƙirar MiG-17 na Rasha, mai buɗaɗɗen hanci kamar bakin tulu, da fukafukai da suka karkata baya. Kusa da shi akwai wani babba ƙirar Il-28, shi ma na Rasha, mai injin biyu, wanda aikinsa ɗaukar bam ne. Waɗannan na gwamnatin tarayya ne. Sai kuma wani ɗan ƙarami, wanda in an ajiye shi kusa da su sai ka ce ɗan tsako a gaban shaho. Sunansa MFI-9, ƙirar ƙasar Suwidin, kuma na Biyafara ne. Akwai jirgi mai saukar ungulu, akwai motocin sulke da mutanen Biyafara suka ƙera da hannunsu daga ƙarafan da suka samu, akwai bam ɗin nan nasu na gida mai suna Ogbunigwe, har da jirgin ruwan yaƙi mai suna Bonny. Jiragen da suka yi farautar juna jiya, yau ga su a fili ɗaya, rana na dukansu, ruwa na dukansu.

Sauran ƙasashe ma suna da irin nasu. A birnin Riyad na Saudiyya akwai gidan tarihin jirage mai suna Saƙarul Jazira, inda aka ajiye jirgi ƙirar Dakota wanda Shugaba Roosevelt na Amurka ya ba Sarki Abdul'aziz kyauta a 1945. A Landan akwai na mayaƙan saman Ingila. A kusa da Washinton kuwa an ajiye jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a kan birnin Hiroshima. Ƙasashen nan suna kwasar 'yan makaranta mota-mota suna kai su. Ba don ba su da abin yi ba ne.

Dalili na farko: ilmin da ke jikin ƙarfe

Gani ya kori ji. Malam zai iya cika allo da bayanin yadda jirgi ke tashi, amma yaron da ya tsaya ƙarƙashin fiffike ya ɗaga kai ya ga lanƙwasarsa, shi ne ba zai manta ba.

Bari in gutsura maka kaɗan. Abubuwa huɗu ke kokawa a jikin kowane jirgi. Nauyinsa yana jan sa ƙasa. Iska tana tare shi ta gaba, kamar yadda take tare ka in kana gudu a keke. Injin yana ingiza shi gaba. Fiffike kuma yana ɗaga shi sama. Yaya fiffike ke ɗagawa? Ɗauki faifai ko murfin kwali, ka ɗan ɗaga bakinsa na gaba, ka ruga da shi cikin iskar hunturu. Za ka ji yana neman kuɓuce maka ya yi sama, domin yana danna iska ƙasa, ita kuma tana tura shi sama. To, haka fiffiken jirgi yake, sai dai an auna shi da lissafi. In injin ya rinjayi tarewar iska, ɗagawa ta rinjayi nauyi, sai ƙarfe ya tashi.

Buɗaɗɗen hancin nan na MiG-17 kuwa ta nan yake zuƙar iska. A ciki a matse ta, a gauraya ta da mai ɗan'uwan kananzir, a cinna wuta, sai hucin ya fita ta baya da ƙarfin gaske ya ingiza jirgin gaba. Gudunsa yana kai wajen kilomita 1,100 a awa guda. Watau tafiyar da ke tsakanin Dutsin-Ma da Katsina, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 60 ba, ba za ta ɗauke shi minti huɗu ba. Shi kuwa ɗan ƙaramin nan na Suwidin farfela gare shi a hanci, kujera biyu, injinsa bai fi na wata motar gida ƙarfi ba.

Ka ga ke nan ba tsafi a ciki, ba aljanu. Lissafi ne da kimiyya, irin waɗanda wasunku ke gudu a makarantar boko. Kuma wannan ilmi ba gadon gidan kowa ba ne. Tun a ƙarni na 9 wani malami a birnin Ƙurɗuba na Andalus, Abbas bin Firnas, ya ɗaura fukafukai ya gwada shawagi. Sai ranar 17 ga Disamba 1903 wasu 'yan'uwa biyu masu gyaran keke a Amurka, Orville da Wilbur Wright, suka tashi da jirgi mai inji. Tashin farko daƙiƙa 12 kacal ya yi, bai kai tsawon filin ƙwallo ba. Masu gyaran keke fa na ce! Yanzu ka duba yaran da ke garejin bakin tasha a Dutsin-Ma, waɗanda ke kwance injin babur su mayar ba tare da sun bar ƙusa ɗaya ba. Me ya raba su da waɗancan in ba karatu da dama ba?

Dalili na biyu: tarihinmu ne

Kada ka zaci labarin jirgi na wasu ne can nesa. A ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka Kano. Daga Masar suka taso, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Ka lura, jiragen soja ne suka fara buɗe wannan hanya. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940 Turawan Ingila suka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, a bi ta Chadi da Sudan har Masar, inda ake gwabzawa. Dubban jirage suka bi ta wannan hanya, kuma wannan ya ƙara wa filin jirgin Kano girma da suna.

Ita wannan hanya ta gabas kuwa kakanninmu sun san ta tun kafin jirgi. Ita ce hanyar alhazai, waɗanda ke tafiya a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan, su yi shekaru, wasu su dawo, wasu ƙasa ta riƙe su a can. Yau maniyyaci daga Kurfi zai tashi a filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, cikin 'yan awoyi ya sauka ƙasa mai tsarki. Ilmi ɗaya ne ya ɗaga jirgin alhazai da jirgin bam.

An kafa rundunar mayaƙan saman Nijeriya a watan Afrilun 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, kuma Kaduna ce cibiyar horonta tun farko. A wannan shekara ce aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a Yulin 1967, a filin jirgin Kano aka sauke jiragen MiG na farko da Rasha ta kawo, kuma matuƙa daga Masar na cikin waɗanda suka tuƙa su. Ɗan Katsina, Janar Hassan Usman Katsina, shi ne babban hafsan sojojin ƙasa daga 1968 har aka gama yaƙin. Samari da yawa daga garuruwanmu da ƙauyukanmu sun sa kaki sun tafi. To, in ka tsaya gaban MiG ɗin Umuahia, abin da ya taɓa ratsa sararin Kano kake kallo, kuma yaƙin da kakan wani a ajinku ya je ne.

A wannan zamani ma ba a zaune ake ba. Injiniyoyin mayaƙan samanmu a Kaduna sun ƙera jirage marasa matuƙi, ɗaya aka raɗa masa suna Gulma a 2013, ɗaya Tsaigumi a 2018. Sunayen Hausa ne, kun ji su. Ke kuma ɗaliba, kada ki ce wannan zance na maza ne. A watan Oktoba na 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni alamar matuƙa, ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a rundunar, tare da marigayiya Tolulope Arotile, ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu.

Dalili na uku: a san kuɗin yaƙi

Wannan shi ne ya fi nauyi, kuma ina roƙon iyaye su saurara da kyau. Yaranmu suna ganin jiragen yaƙi a fim da wayar hannu. A can jirgi kyakkyawa ne, matuƙi jarumi ne, bam kuma wuta ce mai ban sha'awa. Ba a nuna masu wanda ke ƙasa.

Shekara takwas kacal bayan tashin 'yan'uwan nan biyu, ranar 1 ga Nuwamba 1911, wani matuƙi ɗan Italiya mai suna Giulio Gavotti ya jefo gurneti daga jirgi a kusa da Tarabulus ta Libiya. Wannan ne karo na farko da aka jefa bam daga jirgin sama, kuma a nahiyarmu ta Afirka aka yi shi. Bayan shekara 34, ranar 6 ga Agusta 1945, jirgi ɗaya da bam ɗaya suka rusa Hiroshima. Kafin ƙarshen shekarar mutum kimanin 140,000 sun mutu.

Dawo gida. Ɗan ƙaramin jirgin nan na Suwidin, don koyon tuƙi aka ƙera shi. Wani Bature ɗan ƙasar, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo guda biyar a watan Mayu na 1969, aka ɗaura masu rokoki a ƙarƙashin fukafukai, suka kai hari filayen jirgi na Fatakwal da Binin da Inugu, suna tafiya ƙasa-ƙasa dab da kan itatuwa. Manyan jiragen tarayya kuma bama-bamansu sun faɗa a garuruwa da kasuwanni, fararen hula da yawa suka halaka. Jiragen agaji sai da dare suke sauka a kan wani titin mota da aka mayar filin jirgi a garin Uli, suna kai abinci da magani. Kafin yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, an ƙiyasta mutum fiye da miliyan ɗaya sun mutu, akasarinsu da yunwa, kuma yawancinsu yara ne kamarku. Janar Yakubu Gowon ya ce a wannan yaƙi babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Wanda ya tsaya tsakanin jiragen nan biyu zai gane abin da yake nufi.

Mu ma nan Arewa mun ɗanɗana. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Barno, mutane da yawa suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya far wa masu taron Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukuma ta ce an binne mutum 85. Sojoji sun amsa cewa kuskure ne. A ɗaya gefen kuma, matuƙan nan suna sayar da ransu domin mu kwana lafiya. A watan Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo wani jirgi ƙirar Alfa a Jihar Zamfara, matuƙinsa ya diro da laima, ya sha da ƙyar. Duka biyun gaskiya ne, kuma yaro yana da hakkin ya san duka biyun. Bam ba shi da ido. Idon yana ga mutumin da ya ba da umarni da wanda ya danna. In Allah Ya sa wani daga cikinku ya zama matuƙi ko hafsa gobe, muna so ya kasance ya taɓa tsayawa gaban tsohon jirgi an gaya masa su wane ne suke ƙasa.

Ga masu cewa a'a

Na san wani uba zai ce, "Malam, wannan ai koya wa yara sha'awar makami ne, alhali makami ne ya hana mu barci." Baba, damuwarka abar dubawa ce. Amma sha'awar ta riga ta shigo gida ta waya, ba ta jira izininmu ba. Abin da ya rage shi ne wa zai yi wa yaro bayani. Jirgin da ke fim yana sheƙi. Na gidan tarihi kuwa tayarsa ta sace, fentinsa ya kode, tsatsa ta kama shi. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Sai dai fa da sharaɗi: kada a saki yara su yi ta ɗaukar hoto kawai. Malami ya tsaya a kan kowane jirgi ya sa su amsa tambaya uku. Wa ya ƙera shi? Yaya yake tashi? Wa ya faɗa wa?

Wani kuma zai ce, "Umuahia ina, Kurfi ina? Ga tsadar mota, ga halin hanya." Wannan ma gaskiya ne. Tafiya ce ta yini da kwana, kuma ba zan ce a kwashi 'yan aji uku a jefa su kan hanya ba tare da shiri ba. Ran yaro ya fi kowane darasi. Amma rashin iya zuwa nesa ba hujjar zama ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za mu iya yi

Na ɗaya, a fara da kusa. A Katsina akwai gidan tarihi a tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A Kano akwai Gidan Makama. Ba jirage a cikinsu, amma a nan yaro zai koyi ladabin ziyarar gidan tarihi: a duba da natsuwa, a yi tambaya, a rubuta, kada a taɓa abin da aka hana.

Na biyu, hukumar makaranta ta rubuta takarda zuwa makarantar tuƙin jirgi ta Zariya da sansanin mayaƙan sama na Kaduna, ta nemi izinin kawo ɗalibai. Ba a shiga irin waɗannan wurare sai da izini, kuma mai nema yana tare da samu.

Na uku, ƙungiyar iyaye da malamai ta buɗe asusu, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa, ko da kwanon gero ne bayan kaka. In an tara, kuma hanya ta yi kyau, a zaɓi manyan ɗalibai kaɗan, maza da mata, da malamai da wakilan iyaye, su je Umuahia. In sun dawo su tsaya gaban makaranta su ba da labari, a buga shi a wannan mujalla da boko da ajami. Ribar tafiyar ba jirage kaɗai ba ce. Yaron Dutsin-Ma zai gaisa da yaron Umuahia, ya ga ashe mutum ne kamarsa.

Na huɗu, wannan kira ne ga hukuma. Mayaƙan samanmu sun yi amfani da jirage iri-iri da suka daina tashi, kamar MiG-21 da Jaguwa. Me zai hana Gwamnatin Jihar Katsina ta roƙi guda ɗaya, a cire masa duk abin da ke da haɗari, a kafe shi a Katsina, ko a harabar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, a yi masa rumfa, a rubuta bayaninsa da Hausa? Yaran da suka fi kowa jin kukan jirgi su ya kamata su fi kowa saninsa.

Na biyar, kuma shi ne ba ya cin ko kwabo. A unguwanninmu akwai sauran tsofaffin soja da suka je Yaƙin Basasa. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 20 a 1967, yau ya doshi 80. Ɗalibi, nemi izinin mahaifinka, ka ɗauki littafi da biro, ka je ka durƙusa ka gaida irin wannan dattijo, ka ce, "Baba, ina so ka ba ni labarin abin da ka gani." In ya yarda, rubuta. In ya yi shiru ya kau da kai, kada ka matsa masa, wannan shirun ma amsa ce. Jirgin Umuahia zai jira ka shekara goma. Shi dattijon ba mu da tabbas.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bi jirgi da ihu yau, shi ne zai zama injiniya, ko matuƙi, ko shugaban da zai sa hannu a takardar yaƙi ko ta sulhu. Mu nuna masa ƙarfen tun yanzu, mu gaya masa gaskiyarsa duka, domin ya so ilmin da ya ɗaga shi, ya kuma ji tsoron zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.